Ranar da Na Kai Surukina Leburanci a Nagoya

Ko zan manta komai a duniya, ba na jin zan taɓa mantawa da ranar Talatar da na ɗauki surukina, dattijo mai rumfa uku a kasuwar Ƙofar Ruwa, na kai shi leburanci a ƙasar Japan. Shekara biyu ke nan da yin abin, amma har yau in ya faɗo mini a rai ina cikin jirgin ƙasa a Kuala Lumpur, sai in ji na sunkuyar da kai kamar 'yan taragon sun san abin da nake tunawa.

A lokacin ina shekara ta uku a karatun digiri na uku, fannin injiniyan injuna, muna zaune da matata Zulai da 'yarmu Amira a hawa na tara na wani bene a unguwar Pantai Dalam, kusa da jami'a. Tushen matsalar kuwa wani taron ƙara wa juna sani ne da sashenmu ya taɓa tura ni a Nagoya, na kwana uku. In faɗi gaskiya tunda yanzu ba ta da sauran amfanin ɓoyewa, abin da na gani a garin bai wuce filin jirgi, da otal, da zauren taro, da ƙeyar mutumin da ke zama gabana a bas ba. Wata baiwar Allah ce mai ɗauke da 'yar tuta take kaɗa mu duk inda za mu, kamar 'yan aji ɗaya na firamare. Na dawo da kalmomi huɗu na yarensu: konnichiwa, wato sannu, arigato, na gode, sumimasen, a yi haƙuri, sai kuma hai, wanda yake kamar "to" ko "e" a wurinmu.

Da kalmomin nan huɗu na zama malamin Japan na duk Hausawan Pantai Dalam. A shagon mamak, wato shagon shayi da abinci na Indiyawa Musulmi, da muke haɗuwa shan shayi bayan la'asar, da zarar an ambaci mota ko jirgin ƙasa ko tsafta sai a juyo gare ni, ni kuma in gyara zama in ce, "Ai mu da muka zauna a can..." (Kwana uku. Ɗaya daga ciki ma mura ta kwantar da ni a ɗaki.)

Da na tsaya a bakin 'yan mamak da sauƙi. Sai da muka je hutu Kano na je gaishe da mahaifin Zulai, Alhaji Ilu. Mutum ne da ya haura shekara talatin yana sayar da kayan gyaran motocin Japan, kuma tun farko ba wani son aurena da 'yarsa ya yi ba. An gaya mini ya taɓa cewa bai ga dalilin da zai ba mutumin da ya wuce talatin yana rataye da jakar makaranta 'ya ba. Daga baya ya haƙura, har yana kirana Dakta tun ban zama ba, kodayake ban taɓa tantance ko girmamawa ce ko tunatarwa ba.

Ina durƙushe gefen tabarmarsa ya ce, "Dakta, an ce ka je har garin da ake ƙera motocin nan?"

Na ce, "Na je, Baba. Ai Nagoya kamar Fagge take a wurina."

"Ikon Allah. Har yarensu kana ji?"

"Ana taɓawa, Baba."

Ranar ce karon farko da ya sa aka kawo mini fura a kwanonsa. Na fita gidan ina jin kaina kamar na gama digirin.

Bayan wata takwas aka ce za a cire masa yanar ido, 'ya'yansa suka ga gara a yi a Kuala Lumpur tunda muna nan. Aiki ya yi kyau, mako uku yana gidanmu yana karanta lambobin motocin da ke ƙasan bene daga hawa na tara don gwada sabon idonsa. Rannan bayan mun ci tuwon rana ya zaro fasfonsa ya miƙo mini. Ashe tun a Abuja ya sa an buga masa bizar Japan.

"Tunda Allah ya dawo mini da ido, kuma ga ɗan gari a hannuna, so nake in ga inda ake yin abin da na ci abinci da shi duk rayuwata."

Na ce, "Ai kuwa ya dace, Baba."

Zulai ta bari sai da ya shiga ɗaki ta biyo ni kicin. "Abban Amira, ka gaya masa gaskiya tun kuna nan."

"Wace gaskiya?"

"Ni ka turo wa hotunan tafiyar nan. Duk a ɗaki ɗaya ka ɗauke su."

Na ce mata ai yanzu zamani ya canza, komai yana cikin waya. Ta dube ni ta ci gaba da wanke-wankenta. Ita dai ba za ta ba saboda makarantar Amira. Na nemi tawa bizar, na kai Baba kantunan titin Jalan Tuanku Abdul Rahman muka sayo rigunan sanyi masu kauri da hulunan saƙa, don an shiga sanyi a can. Da ya saka nasa a kan wando da takalmin ƙafa-ciki, ya ɗora takunkumi ya rufe gemu, sai ya koma kamar ɗan arba'in da biyar. Wannan ma ya taimaka wajen abin da ya same mu.

Ranar farko a Nagoya na ci nasara da ƙyar. Babbar tashar jirgin ƙasarsu gari ce guda a ƙarƙashin ƙasa, lunguna da shaguna da matakala ba iyaka. Awa ɗaya da kwata muna neman ƙofar fita. Karo na uku da muka wuce gaban wani shagon biredi, Baba ya ce, "Dakta, kamar mun ga matar nan ɗazu."

Na ce, "Rassa ne da su da yawa, Baba. Kuma ina so ka ga ƙasan garin kafin samansa."

Mun dai fita. Na kai shi tsohuwar fadar garin mai koren rufi, wadda aka ɗora wa manyan kifaye biyu masu ruwan zinare a ƙololuwa. Ya daɗe yana kallo, ya tambaye ni ko zinaren na gaske ne, na ce e. Ya tambaya ko akwai mai gadinsu a sama, na ce a'a. Sai ya girgiza kai ya ce lallai mutanen nan ba su san darajar tsani ba. Shirun garin ma ya dame shi. Motoci cike da titi amma babu mai danna ham, a jirgin ƙasa kuwa ko tari mutum zai yi sai ya ji kamar ya yi laifi. Ya raɗa mini cewa, "An yi musu rasuwa ne?" A wani kanti ya ɗauko ƙunshin abinci ya ce in karanta masa ko babu alade. Na juya ledar gaba da baya, na matso da ita kusa da ido, na ce, "Akwai shubuha, Baba." Duk abin da ya ɗauko akwai shubuha. Ayaba da dabinon da Zulai ta zuba mana muka wuni a kai, sai da yamma waya ta kai mu shagon abincin halal na wani ɗan Pakistan.

Amma da la'asar ɗin ranar ne na ga abin da ya sa jikina ya yi sanyi. Mun hau jirgin da ke bi ta bakin tashar jiragen ruwa, ta taga muka hango sababbin motoci jere a fili, dubbai, farare da jajaye, suna jiran a loda su. Baba ya miƙe tsaye ya dafa gilashi. Can ya ce, "Duk rayuwata gaɓoɓinsu nake sayarwa bayan sun mutu. Yau ga su jarirai." Ya share ido da bayan hannu ya ce sabon aikin idon ne ke sa masa ruwa. Sannan ya juyo: "Gobe sai ɗakin haihuwar."

Abin da ban gaya masa ba shi ne, manyan masana'antun motocin ba a shiga sai an nemi izini makonni kafin ranar, ni kuwa sai da muka sauka na gano haka. Na lalubo a waya wani gidan baje kolin injuna a wajen gari, aka ce akwai bas ɗin kyauta da ke ɗaukar baƙi daga wata ƙaramar tasha. Na ce a raina in ya ga injuna suna motsi ai shi ke nan, ba zai bambance ba. Muka yi sammako bayan asuba, wai don mu riga cunkoso. Tashar tana da ƙofa biyu, ta gabas da ta yamma. Ba sai na faɗi wadda na zaɓa ba.

Muna fitowa sai ga wata farar ƙaramar bas, da wani mutum riƙe da allon takarda yana ta duba agogo. Yana ganinmu fuskarsa ta washe. Ya taho da sauri ya ranƙwafa, ya zubo magana mai tsawo, a ciki na ji kamar ya ambaci sunaye biyu.

Na ce, "Hai."

Ya ɗaga yatsu biyu ya nuna ni da Baba.

Na ce, "Hai."

Ya ja layi biyu a takardarsa ya buɗe mana ƙofa. Baba ya dube ni da wani irin kallo da ban taɓa samu daga gare shi ba. "Ashe har sun san da zuwanmu."

"Na yi musu magana tun jiya, Baba."

A cikin bas ɗin akwai mutum goma sha wani abu, yawancinsu baƙi daga ƙasashen Asiya, sai tsofaffin mata biyu 'yan ƙasar. Kowa na rungume da 'yar jakar abinci, kuma kowa barci yake yi. Ba mai kyamara, ba mai leƙen taga. Na lura da haka, ban ce ban lura ba. Sai na gaya wa kaina cewa mutanen nan sun saba zuwa ne.

Minti ashirin da biyar muka tsaya gaban wani dogon gini mai ruwan toka, tsakanin gonakin shinkafa da ɗakunan ajiyar kaya. Warin ƙonanniyar roba ya tare mu tun daga ƙofa. Aka sa muka cire takalma, aka kai mu ɗakin canza kaya, aka miƙo wa kowannenmu shuɗiyar riga da wando da hula da safar hannu, da wani kati mai rubutunsu na maƙalawa a ƙirji.

Baba ya ɗaga wandon. "Wannan fa?"

"Ƙa'ida ce, Baba. Manyan baƙi kaɗai ake ba wa. Sauran ta bayan gilashi suke kallo."

Ya saka. Wandon ya tsaya masa a ƙwauri. Ban taɓa ganin ƙwaurin surukina ba sai ranar, kuma ban so ganinsa ba.

Daga nan aka jera mu sahu-sahu a tsakar gini, aka kunna wani kiɗan fiyano a lasifika, kowa ya fara ɗaga hannu sama yana sunkuyawa yana murza ƙugu. Na ce wa Baba rawar maraba ce. Alhaji Ilu, wanda ko a bikin 'yarsa ba a ga ya gyaɗa kai ga kiɗa ba, ya buɗe ƙafafu yana taɓo yatsunsa, tsakanin wata tsohuwa da wani ɗan Vietnam. Ni kuma ina bayansa ina yin nawa, ina kallon rufi.

Sai wata mata gajeriya mai ƙaramar murya da ido kamar na shugabar makaranta ta ja mu zuwa wani dogon tebur mai fitilu. Ta zube mana tulin baƙaƙen zobban roba, irin wanda ke hana mai yoyo a injin mota, da kanikawa ke kira oyil-sil. Ta nuna mana da hannu: a ɗauka, a juya ƙarƙashin fitila, mai kyau a shuɗin faranti, mai aibi a ja.

"Suna ba baƙo dama ya taɓa da hannunsa," na ce.

Baba bai ma saurare ni ba. Ya ɗauki guda ya shafa da babban yatsa, ya shinshina, ya ambaci sunan motar da ake saka wa da shekarar da aka fara yinta. "Wannan ita ce ta asali, Dakta. Wadda ake kawo mana yanzu ko ƙanwarta ba ta kai ba."

Matar ta je jikin wani farin allo ta rubuta wata lamba mai sifiri biyu a ƙarshe, ta zana agogo a gefe, hannunsa a kan sha biyu, ta nuna mu biyu. Lamba dai ko a Japan lamba ce. A nan ne na gane sarai. Ba baje koli muka zo ba. Aiki muka kama.

Wannan shi ne wurin da nake so mai karatu ya san irin mutumin da yake sauraro. Ƙarfe takwas da rabi na gane. Na san bizar da ke fasfonmu ta yawon buɗe ido ce, kuma duk wanda aka kama yana aiki da ita zai iya kwana a hannun hukuma, a kore shi, labari ya kai jami'ata da masu ɗaukar nauyin karatuna. Na san dattijon da ke gefena makonsa uku da tashi daga aikin ido. Abin da ya kamata shi ne in ajiye safar hannu in ce, "Baba, na yi ƙarya, ban san inda muke ba." Jimla ɗaya ce. Maimakon haka sai na yanke shawarar mu ci gaba da aiki har a tashi hutu, sannan mu sulale. Ban ma san inda takalmanmu suke ba.

Haka muka yi awa ɗaya da rabi a tsaye. Baba hannunsa kamar inji. Ga sabon ido, ga shekara talatin na rarrabe jabu da na gaske a Ƙofar Ruwa. Jan farantinsa ya fara cika da zobban da ni ban ga komai a jikinsu ba. Matar ta zo ta ɗauki guda ta duba da madubin ƙara girma, ta ɗauki wani, sai ta tafa hannu a hankali ta ranƙwafa masa. Ni kuwa, ɗalibin digiri na uku a injiniyan injuna, sau biyu tana dawo mini da farantina tana haɗa yatsu alamar kuskure. Karo na biyu Baba ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Ta ciki ake dubawa, Dakta, ba ta waje ba."

Ƙarfe goma aka buga ƙararrawa. Muka bi mutane zuwa ɗakin hutu, ina ta waige-waigen ƙofar gudu. Baba ya zauna a benci ya ce, "Alhamdulillahi." Wani mutum mai ɗan gemu da ke kusa ya juyo da sauri ya yi mana sallama. Sunansa Pak Hasan, ɗan Indonesiya, shekararsa shida a masana'antar. Da ya ji daga Kuala Lumpur muke sai ya koma Malay, yaren Malesiya, wanda nake ji daidai na sayen abinci da cinikin kasuwa. Ya isa dai in fahimci tambayoyinsa: wane dillalin ma'aikata ne ya kawo mu, kwantiragin wata nawa muka sa hannu, kuma ba na jin tausayin dattijon nan da na kawo shi aikin tsayuwa?

Baba ya ce, "Me yake cewa?"

"Yana tambayar mutanen gida."

Baba ya gyaɗa kai. Sai kawai ya juya ga Pak Hasan ya saki Larabci. Na manta shaf cewa ya yi shekaru yana zuwa Jidda sarin kaya, shi kuma Pak Hasan ashe makarantar addini ya yi a garinsu. Ni Larabcina bai wuce na salla ba. Ina zaune tsakaninsu kaina na juyawa hagu da dama, ina kallon idon Pak Hasan yana ƙara girma, yana dubana, yana duban Baba, yana rufe baki da hannu.

Ban kai ga tambaya ba ƙofa ta buɗe. Mai allon takardar nan ne, fuskarsa ta yi fari fat, a bayansa wasu 'yan Uganda biyu da jakunkunansu suna haki, waɗanda jirgi ya makarar da su suka rasa bas. Bayansu kuma manajan wurin, dattijo mai furfura da tabarau. Mutum kusan talatin, kowa da kofin shayi a hannu, suna kallon baƙaƙen mutum huɗu a inda takarda ta ce biyu.

Manajan ya tsaya gabana ya yi magana mai tsawo, a natse, ya ƙare da alamar tambaya.

Baba ya gyara hularsa ya ce, "Bismillah, Dakta. Ba shi amsa da yarensu."

Na buɗe baki. Na ce, "Sumimasen." Manajan ya jira. Na ce, "Arigato." Ya ci gaba da jira. Na ce, "Konnichiwa." Wata daga cikin tsofaffin matan ta ajiye kofinta a hankali. Manajan ya sake maimaita tambayar, a gajarce, yana nuna ƙasa da yatsa. Saura kalma ɗaya a rumbuna, na fito da ita.

"Hai."

Sai na ji ɗakin gaba ɗaya ya ja numfashi. Mai allon takarda ya dafe kai. Pak Hasan ya yi tsalle ya shiga tsakani yana kaɗa hannu, ya yi wa manajan magana da sauri, sannan ya juya ga Baba da Larabci. Baba ya saurara har ƙarshe, ya juyo gare ni, ya fassara mini da Hausa, a hankali, kamar mai karanta wa yaro wasiƙa.

"Dakta, cewa ya yi, da gangan kuka shigo don ku leƙi asirin aikinsu? Kai kuma ka ce masa e."

Da ƙasar wurin tana da ƙofa da na bi. Haka aka ci gaba da shari'ar: manaja ya faɗa da Japananci, Pak Hasan ya mayar Larabci, surukina ya mayar mini Hausa, ni ɗan gari in ba da amsa ta koma ta hanyar da ta zo. Kuma Baba bai rage ko kalma ba. "Ya ce a tambaye ka, in ba ka ji abin da mai allon takarda ya faɗa ba, me ya sa ka amsa?" "Ya ce a tambaye ka aikin me kake yi a Malesiya. In ce masa injiniya, ko mu bar wannan?"

Aka kai mu ofis, aka karɓi fasfo, manajan ya yi ta buga waya yana ranƙwafa wa wanda ba ya ganinsa. Shi ma ashe tsoro yake ji, don laifin sa baƙo aiki ba izini har kansa zai hau. Fiye da awa ɗaya ina zaune ina lissafa yadda zan yi wa shugaban sashenmu bayani. Abin da ya cece mu matar nan ce mai idon shugabar makaranta. Ta shigo da jan farantin Baba ta ajiye gaban manajan. Ashe duk zobban da ya ware daga inji ɗaya suka fito, bakinsa ya ɗan tsage ba wanda ya lura tun safe. Manajan ya duba, ya dubi Baba, ya cire tabarau ya goge. Aka rubuta takarda cewa kuskure ne aka yi, na sa hannu. Sannan ya tambaya, ta bakin Pak Hasan, ko akwai abin da zai yi wa dattijo don ban haƙuri.

Baba ya ce, "A gaya masa abin da ya kawo ni ke nan tun farko. In ga yadda ake yi."

Manajan da kansa ya zaga da shi, tun daga inda ake dama robar har inda ake gasa ta a fitar. Baba na tambaya, Pak Hasan na fassarawa, manajan na murna ya samu wanda ya san kaya. Ni ina biye a baya riƙe da rigunan sanyinmu. Muka yi azahar tare da Pak Hasan a wani lungu bayan ɗakin ajiya, aka ɗauki Baba hoto a bakin ƙofa da shuɗin kayansa tsakanin manaja da matar, aka mayar da mu tasha a motar manajan.

A jirgin komawa ban iya ɗaga ido ba. Mun wuce tasha uku kafin na ce, "Baba, ka yafe mini. Kwana uku kawai na taɓa yi a garin nan, kuma ba na jin yarensu."

Ya ce, "Na sani."

"Pak Hasan ne ya gaya maka?"

"Tun a bas na gane. Kafin in samu rumfa sai da na yi shekara huɗu ina leburanci a masana'antun Bompai. Mai zuwa kallo ba ya barci a mota, Dakta. Barcin nan na mai zuwa aiki ne, ko'ina iri ɗaya ne."

"To me ya sa ba ka ce komai ba?"

"Ina so in ga inda za ka tsaya. Ba ka tsaya ba. Shi ma mutumin Indonesiyan cewa na yi ya rufa maka asiri, sai ga waɗancan sun shigo." Sai kafaɗunsa suka fara rawa. Dariya yake yi marar sauti, don kada ya saɓa wa dokar jirgin, har hawaye na zubo masa. Da ta lafa ya ce, "Amma ka kai ni inda kuɗi ba sa kai mutum. Wannan kam na gode."

Na ɗauka magana ta mutu a nan, don da muka sauka Kuala Lumpur Zulai ta tambaye shi yadda tafiya ta kasance, cewa kawai ya yi, "Mijinki ya yi ƙoƙari." Na ji daɗi har raina. Ban san tun muna filin jirgi ya tura hoton nan zauren 'yan uwa na waya ba, da bayanin murya na minti tara. Zulai ta riga ta saurara sau biyu kafin ta buɗe mana ƙofa. Ta jira har ya shiga wanka, sannan ta tsaya gabana ta ɗaga hannu sama ta fara murza ƙugu. Amira ma ta taya ta, ba ta san dalili ba. Daga zauren 'yan uwa labari ya tsallaka wurin matar wani abokin karatuna, kafin Juma'a ya gama Pantai Dalam. Har mai kawo mana shayi, ɗan Indiyan da ba ya jin Hausa, in na ce ya ƙaro sukari sai ya ƙame ya ranƙwafa mini.

Abin mamaki, tun daga tafiyar nan ne muka shaƙu da Baba. Yanzu shi yake kirana a waya ba sai na kira ba, mu yi ta hira a kan injuna, ya gyara mini inda littafi ya yi kuskure. An ce ya wanke hoton ya rataye a babbar rumfarsa, kuma duk wanda ya yi masa gardama a kan ingancin roba sai ya nuna bango ya ce shi a can ya yi aiki. (Awa ɗaya da rabi. Amma ni ne mutum na ƙarshe da zai ɗaga wannan maganar.)

Zan so in ce na daina cika baki, sai dai na san halina, kuma na yi alkawarin faɗin gaskiya a rubutun nan. Abin da na koya ya fi haka ƙanƙanta, amma yana mini amfani: in za ka yi wa mutum kurin ka san wata ƙasa, ka fara bincikawa a hankali ko yana da fasfo.